Jirgin Silifas na Lamu da Tambayar Wa Zai Kwashe Sharar Baƙi

Duk wanda ya taɓa ganin an yanka akuyar da ta daɗe tana ramewa, aka tarar da dunƙulen leda a tumbinta, ya riga ya fahimci rabin abin da ke damun mutanen Lamu. Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Kenya, tsohon garin Musulmi masu jin Swahili, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Lungunan garin matsattsu ne, mota ba ta ratsa su, jakuna ne ke dakon kaya da mutane. Jakunan nan kan yi kiwo a juji, su haɗiye leda tare da ragowar abinci, hanji ya toshe, su mutu. Baƙi kuwa ba sa yankewa, daga Turawa masu neman hutu a bakin teku har masu zuwa bikin Mauludin da garin ya yi suna da shi. Kowane baƙo da kuɗinsa yake zuwa, amma sharar da ya tara a nan yake barin ta.

Matsalar tsibiri ita ce ba shi da bayan gari. A Kano ko Maraɗi, idan bola ta cika, akwai inda tifa za ta kai ta, akwai kuma 'yan bola jari da za su tsince abin da zai sayu su kai wa dillali. A tsibiri kuwa ruwan gora da lemo da man shafawa duk a jirgi ake shigo da su, saboda akwai riba a shigowar. Mayar da fankon gorar zuwa kan tudu kuɗi yake ci, kuma ba wanda yake son biya. Abin da ya rage shi ne a binne, ko a ƙona, ko a bar wa teku. Ƙasar Maldibs, wadda arzikinta ya dogara da yawon buɗe ido, ta kai ga ware wani wuri kusa da babban birninta Male tun 1992 tana jibge shara, har ya zama tsibiri mai zaman kansa da ake kira Thilafushi. An shafe shekaru ana ƙona shara a can, hayaƙi na tashi, alhali ba da nisa ba baƙi na kwance a otal-otal masu tsada.

Mutanen Lamu sun bi wata hanya dabam. Sana'arsu ta kaka da kakanni ita ce sassaƙa jiragen ruwa masu filafilai, irin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci tsakanin gabashin Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya. Wani gwanin masassaƙi ɗan garin, Ali Skanda, tare da abokan aikinsa, suka tattara kimanin tan 10 na robar da aka tsinto a gaɓar tekun Kenya, aka narka ta aka zuba ta zama kamar katako, suka harhaɗa jirgi mai tsawon kusan mita 9. Bayansa suka lulluɓe da tsofaffin silifas kusan 30,000 masu launi iri-iri, shi ya sa aka raɗa masa suna Flipflopi, daga sunan silifas da Turanci. An saka shi a ruwa a 2018, a farkon 2019 kuma ya yi tafiyar kusan kilomita 500 daga Lamu zuwa Zanzibar, yana yada zango a garuruwan bakin teku jama'a na fitowa kallo. Aikin bai tsaya a jirgi ɗaya ba. Yanzu akwai wurin sarrafa roba a Lamu, inda ake karɓar abin da mutane suka tsinto ana ƙera kujeru da sauran kayan ɗaki bisa salon sassaƙar garin.

Abin lura a nan shi ne, shara ta samu farashi. Muddin abu ba ya sayuwa, wa'azi kaɗai ba zai sa a sunkuya a ɗauke shi ba. Ranar da aka ce ana auna shi a sikeli a biya, ranar zai fara ɓacewa daga titi. Mun ga haka da idonmu a kan tsohon ƙarfe da gwangwani. Sannan an haɗa sabon abu da tsohuwar sana'a, masassaƙi bai bar aikinsa ya koma ɗan kallo ba. Baƙon da ya sayi kujera ko abin ado da aka yi da silifas, ko bai sani ba, ya biya wani ɓangare na kuɗin share bakin tekun da ya zo morewa.

Akwai masu cewa duk wannan burga ce kawai ta ɗaukar hoto, domin tan 10 ba komai ba ne a kan miliyoyin tan da ke kwarara cikin teku kowace shekara. Lissafinsu daidai ne, kuma su kansu masu jirgin ba su ce sun gama da matsalar ba. A duniya baki ɗaya, kusan kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Ƙari a kan haka, roba iri-iri ce. Ta jarka da bokiti tana narkewa a yi katako da ita cikin sauƙi, amma gorar ruwan sha, wadda ita ce baƙi suka fi zubarwa, tana buƙatar babbar masana'antar da ƙaramin tsibiri ba shi da ita. Narka roba ba tare da injin da ya dace da isasshiyar iska ba ma guba ne ga huhun mai aikin, don haka kada wani ya ji labarin nan ya ɗora tukunya a tsakar gida. Sai dai wanda ya auna jirgin da nauyin robar da ya cinye bai gane amfaninsa ba. Mutumin da ba zai karanta rahoto ba zai tsaya ya kalli jirgin silifas yana tafiya a kan ruwa, ya tambayi inda aka samo silifas 30,000. Daga wannan tambaya ake samun jama'ar da za ta goyi bayan doka.

Wasu kuma na cewa bai kamata a ɗora wa baƙi laifi ba, tunda igiyar ruwa na kawo roba daga ƙasashe masu nisa, su ma 'yan gari suna zubarwa. Gaskiya ne, amma igiyar ruwa ba ta da ofishin da za a kai mata takardar haraji. Otal yana da shi. Otal ne ke yanke shawarar ko zai jera wa kowane ɗaki ƙananan gorori kullum, ko zai kafa na'urar tace ruwa ya zuba a kwalbar da za a wanke a sake amfani da ita. Kamfanin da ya iya shigo da kaya cike ya iya fitar da fankonsu a jirgin da zai koma wayam. Kenya ta haramta jakar leda a 2017, a 2020 kuma ta hana shiga da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar zuwa gandun daji da bakin teku masu kariya. Doka irin wannan, idan ana aiki da ita, tana rage abin da ke shigowa tun daga tushe, abin da masu sana'ar hannu ba za su taɓa iyawa ba komai gwanintarsu. In ba haka ba, talakan tsibiri zai dawwama yana share gidan da wasu ke cin ribarsa.

Mutanenmu da dama yanzu na zuwa Zanzibar ko Maldibs hutu, musamman sababbin angwaye da amare. Mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe gorarsa guda da zai riƙa cikawa, ya tambayi otal ɗin da zai sauka inda suke kai shararsu kafin ya biya kuɗin ɗaki, idan kuma zai yi tsaraba ya saya daga hannun masu ƙera ta a garin.