Gonakin Kan Dutse: Turai Ta Riƙe Nata, Yaya Za Mu Yi Da Na Gwoza?

A ƙasar Suwizalan, a bakin Tafkin Janeba, akwai wani yanki da ake kira Lavaux, inda gonakin inabi suka lulluɓe gangaren duwatsu na tsawon kilomita kamar 30. An yanka gangaren hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse. Tun ƙarni na 11 malaman Kirista masu zaman zuhudu suka soma wannan aiki, kuma gonakin sun haura kadada 800. Akwai irinsu a kwarin Kogin Douro na ƙasar Fotugal, inda hukuma ta shata iyakar gonakin tun 1756. Galibin inabin waɗannan wurare giya ake yi da shi, amma ba giyar ce abin dubawarmu ba. Abin dubawa shi ne katangun.

Hikimar kuwa ita ce, inabi ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, yana kuma son rana. Gangare yana tsane ruwa, katanga tana hana ƙasa zaizayewa, dutsen kuma ya sha zafi da rana ya saki wa shuka da dare. Saboda darajar wannan aiki ne Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa Douro cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2001, Lavaux kuma a 2007.

To, mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa mu ma muna da irin wannan gado, har ma namu ya riga nasu shiga jerin. A 1999 UNESCO ta karɓi Sukur, da ke kan duwatsun Mandara a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, ya zama wuri na farko daga Nijeriya. Gonakinsa masu hawa-hawa suna cikin manyan dalilan zaɓensa. Waɗannan duwatsu su ne suka miƙe arewa har Gwoza ta Jihar Barno, kilomita kamar 135 kudu maso gabas da Maiduguri, inda ƙabilu irin su Dghwede da Guduf da Glavda suka daɗe suna noma ta wannan hanya.

Manomin dutse ba inabi yake shukawa ba, dawa ce da gero da wake da tamba, amma dabarar ɗaya ce. Yakan tsince duwatsun gonarsa ya jera su katanga ba tare da siminti ba, ƙasa ta taru a bayanta. In ruwan sama ya sauko, maimakon ya kwarara ya tafi da ƙasa, sai kowane hawa ya tare shi ya nutse. Yakan tsare sa a turke cikin gida domin taki, ya ɗauki takin a ka zuwa gona. Yakan kuma yi juyi, bana dawa baɗi gero, ya bar itatuwa irin su gawo da maɗaci a tsaye. Da haka jama'a masu yawa suka ci suka sha daga ƙasar da baƙo zai ce ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinta ba.

Dutsen kuma mafaka ne. A zamanin Hamman Yaji, Hakimin Madagali, wanda ya yi ta kai hare-haren kamun bayi har Turawa suka tuɓe shi a 1927, kan dutse ne ya tsare mutane da yawa. Sai ga shi a zamaninmu al'amarin ya juye. A watan Mayu na 2014 'yan Boko Haram suka kashe Sarkin Gwoza, Alhaji Idrissa Timta, a watan Agusta suka kame garin, sai a watan Maris na 2015 soja suka ƙwato shi. Sukur ma ta sha hari a 2014. Duwatsun suka koma maɓoyar 'yan bindiga, masu gonaki suka watse, wasu zuwa sansanin Minawao a Kamaru, wasu zuwa Maiduguri, inda da yawa suka zauna a sansanin Bakassi har aka rufe shi a 2021. Ko a watan Yuni na 2024 sai da aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake a cikin garin Gwoza.

A nan hatsarin yake. Katangar da ba siminti sai da gyara kowace shekara kafin damina. In dutse ɗaya ya zame aka ƙyale shi, ruwa zai bi ta nan ya ɓarke hawan, ya kwashe ƙasar da aka yi kaka da kakanni ana tarawa. Bugu da ƙari, sanin aikin a hannun dattawa yake, yaron da ya girma a sansani kuwa bai taɓa jera dutse ba.

Saboda haka, bayan maganar tsaro wadda ita ce kan gaba, ya kamata Gwamnatin Jihar Barno ta ɗauki gonakin nan tamkar dukiyar da ake sake ginawa, daidai da makarantu da asibitoci. Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi suna iya zama da dattawan Gwoza su rubuta wannan ilmi tun suna raye. Suna kuma iya gwada ko gangaren zai karɓi itatuwan marmari, tun da manoman Kudan kusa da Zariya sun nuna inabin ci yana yi a Arewa. Mutanen Lavaux sun riƙe katangunsu ne domin kowane zamani ya miƙa wa na bayansa. Allah ya kawo zaman lafiya, mutanen Gwoza su koma su miƙa nasu.