Yadda Ake Ƙwanƙwasa Hanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci ya san lafiyayyar hanta da ido. Ja ce mai duhu, sumul, tana sheƙi, in ka danna ta da yatsa ta lotsa ta dawo. Ya kuma san wadda mahaucin kirki yake turewa gefe, mai gudaji-gudaji, wadda wuƙa ke yin ƙara in ta ratsa ta. Shi mahauci nasa da sauƙi, sai an yanka an feɗe yake dubawa. Likita kuwa hanta aka ba shi a rufe, can ƙarƙashin haƙarƙarin dama, mai ita yana zaune yana kallonsa, aka ce ya faɗi halin da take ciki. Binciken da aka yi shekara sittin ana yi a kan ciwon hanta, in ka tace shi, rabinsa neman dabarar nan ce ta sanin abin da ke cikin tukunya ba tare da an ɗaga murfi ba.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin hanta fuska ba ta da shi. Hanta kamar uwargidan babban gida take, ita ce a madafi, ita ce da makullin rumbu, ita ce kuma mai tace gasara ta zubar da dusa, duk ba ka jin ƙorafinta. Ga ta da halin zogale: a sare fiye da rabinta, cikin 'yan makonni ta sake tohowa. Wannan haƙurin ne yake cutar mai ita. Ƙwayar cuta za ta zauna a cikinta shekara ashirin ko talatin, sojojin jiki suna kai wa baƙuwar farmaki, hanta tana shan rauni tana warkewa. Sai dai kowace warkewa da tabonta. Ka ɗauki rigar da ake yi wa faci, yau a kafaɗa, gobe a aljihu. Tana rufe jiki dai, amma wata rana za ka ɗaga ta ka ga faci ya fi yadi yawa, ta sandare kamar ganda.

Manomi ya fi kowa gane wannan, don ya san wuta-wuta. Ranar da ka ga furenta a gonar dawa, ta daɗe da gama tsotse saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Idon da ya yi ɗorawa, wanda muke tattarawa mu ce shawara, sau da yawa a daɗaɗɗen ciwon hanta furen wuta-wuta ne. Haka kumburin ciki. Jinin da ya taso daga hanji dole ta hanta zai bi, in ta sandare kuwa kwata ce ta toshe, ruwa ya koma tsakar gida. Ciki ya cika da ruwa, jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana mutum ya yi aman jini, dangi su ce jifa ne. Wani kuma sankara ce ke tsirowa a kan tabon.

An fara leƙa tukunyar ne ta hanyar tsintuwa. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, yana tara jinin al'ummomi daban-daban don ya ga yadda jinin 'yan Adam ya bambanta, ba ciwon hanta ya fita nema ba. A 1965 ya ba da labarin wani baƙon abu da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Daga baya aka gane rigar ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce, kuma a 1976 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Ƙwayar nan tana ɗinka riguna fiye da waɗanda za ta sa, ta watsar da su cikin jini. In ka ga saɓar maciji a rumbu, ai ba sai ka ga macijin ba. Gwajin nan na ɗigon jini da ake yi kafin ba da jini, ko kafin aure kamar yadda dokar Kano ta 2024 ta tanada, saɓar yake nema. In an gan ta, aka sake ganinta bayan wata shida, maciji ya zama ɗan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a 2022, miliyan 50 kuma nau'in C. A Najeriya babban binciken 2018 ya samu kusan takwas cikin ɗari na manya da nau'in B. Ka dubi sahu ɗaya a masallacin Juma'a ka yi lissafi da kanka.

A nan ne nake so a tsaya da ni, domin na ga yadda takardar sakamakon gwajin nan ke kashe wa mutum jiki, har a ware masa kwano a daina zama kusa da shi. Ba a ɗaukar nau'in B ta cin tuwo tare ko ta musabaha. Jini ne hanyarsa, da haihuwa, da kwanciyar aure. Kuma ganin saɓa bai gaya maka ko maciji yana sara ko yana barci ba. A Gambiya, a ƙarƙashin wani aikin bincike mai suna PROLIFICA da aka fara a 2011, ma'aikata sun bi unguwa-unguwa suka gwada mutum kusan dubu shida. Wajen tara cikin ɗari aka samu da ƙwayar. Da aka duba su da kyau, bisa ma'aunin wancan lokacin, ko ɗaya cikin ashirin bai kai buƙatar fara magani nan take ba. Aikin likita ke nan: ya tsamo wannan ɗayan tun yana tafiya da ƙafarsa, ya kuma riƙa sa ido a kan sauran.

Da, hanya ɗaya ce ta sanin yawan tabon da ke hanta. A soka doguwar allura tsakanin haƙarƙari a zaro ɗan silin nama a duba a madubin likita. Duk wanda ya je kasuwar Dawanau ya san ƙarfen nan da ake soka wa buhu a zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Ya kuma san aibinsa: in ƙarfen ya faɗa gefen mai kyau, sai ka sayi buhun da gindinsa duk ƙwari ne. Abin da allura ke zarowa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu hamsin na hanta ba. Ga zafi, ga tsoron zubar jini, ga shi ba abin da za ka riƙa maimaita wa mutum duk shekara ba ne.

Sai aka koma bin sawu. In jaki ya wuce da mangala ka ga gero a warwatse a hanya, ka san akwai huda. Haka wasu sinadarai da mazauninsu cikin hanta ne, likitoci na ce musu ALT da AST, in hanta na shan rauni sai su tsiyayo cikin jini. Amma geron hanya tsiyayar yau kawai yake nunawa, ba ya faɗin mudu nawa aka yi asara tun bara. Shi ya sa masu bincike suka haɗa shi da wani sawun. In hanta ta sandare saifa takan kumbura ta riƙe ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, adadinsu ya ragu. A raba AST da adadin ƙwayoyin nan, an sami ma'aunin da ake kira APRI. Mudu ne, ba sikelin mai sayar da gwal ba, amma ƙaramin asibiti ma zai iya riƙe shi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda ta fito daga Faransa a farkon shekarun 2000, na'urar FibroScan. Matar da za ta sayi tulu ba ta fasa shi don ta san ko ya gasu, ƙwanƙwasa shi take yi da bayan yatsa ta kasa kunne. Mai sayen kankana ma haka. To, ita ma na'urar nan ƙwanƙwasawa take yi. Mutum ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannun dama bayan kai, a ɗora masa wani abu kamar tocila tsakanin haƙarƙari, ya ji ɗan bugu kamar an ɗalle shi da yatsa. Bugun nan sai ya ratsa hanta, na'urar kuma ta bi shi da sautin da kunne ba ya ji tana auna saurinsa. Ka tuna makaɗin kalangu. In ya saki tsarkiya fata ta yi sanyi, murya ta yi ƙasa. In ya matse ta a hammata fata ta ɗaure, murya ta haura sama, domin girgiza ta fi gudu a kan abin da ya ɗaure. Hanta mai laushi sakakken kalangu ce, bugu yana tafiya a cikinta sannu-sannu, lamba ta fito wajen biyar. Wadda faci ya cinye matsattsen kalangu ce, lamba ta haura sha biyu ta yi gaba. Bugu goma, minti kaɗan, ba jini ba ɗinki, mutum ya tashi ya sa rigarsa. Tana da nata ruɗin, don in mutum ya cika ciki da abinci ko hanta na cikin kumburi lambar kan ɗaga, shi ya sa ake cewa a zo ba a ci ba.

Matsalarta kuɗi, haka ma injin da ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini, sai manyan birane. Abin da ya sa nake girmama masu binciken Gambiya ke nan, ba su tsaya jiran ranar da kowane ƙauye zai mallaki injin ba. A 2018 Yusuke Shimakawa da Maud Lemoine da abokan aikinsu suka fitar da wani lissafi mai suna TREAT-B, gwaji biyu kacal masu araha, suka nuna yana kusantar abin da injin mai tsada ke faɗi. A 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'ida, ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci magani, ta yarda a yanke hukunci da mudun APRI inda babu sikeli.

Wajen magani kuwa, 'yan'uwan nan biyu halinsu ya rabu. Nau'in C, wanda aka gano a 1989, baƙo ne da ke kwana a zaure, ana iya kora shi ya tafi gaba ɗaya. Da allura ake yi ta kusan shekara, mai jigata jiki, rabin mutane kuma ba su warke ba. A ƙarshen 2013 Amurka ta amince da ƙwayar sofosbuvir, yanzu mako sha biyu ana haɗiya, fiye da 95 cikin ɗari su rabu da cutar. Sai dai da ta fito, ƙwaya ɗaya dala dubu ce, cikakken magani dala 84,000. Masar ce ta nuna yadda ake ciniki. Ita ce ƙasar da cutar ta fi yi wa katutu a wancan lokacin, sanadin alluran maganin tsargiya da aka yi shekaru ana yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba. Ta taya ta karya farashi, sannan kamfanoninta suka shiga yin maganin a gida. Daga Oktoban 2018, cikin wata bakwai, ta gwada mutum kusan miliyan hamsin, kamar a share kasuwa rumfa-rumfa, wanda aka samu da ita a ba shi magani kyauta.

Nau'in B shi ba a zaure yake kwana ba. Yana shiga ƙuryar ɗakin ƙwayar hanta ya binne irinsa a can, inda magani bai kai ba tukuna, kuma a kan tono wannan irin masu bincike suke ta fama yanzu. Tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, dabaibayi ne. Jaki yana nan da ransa, amma ba zai shiga gona ba, kuma in gona ta huta hanta kan rage facinta da kanta, an ga haka a waɗanda suka yi shekara biyar suna sha. Haɗarin shi ne mutum ya ji garau ya kwance dabaibayi da kansa. Jakin da ya daɗe a ɗaure in ya kuɓuce ɓarnarsa ta fi ta da.

Saura jariri. Babban mutum in ya ɗauki nau'in B, fiye da tara cikin goma jikinsu kan kore shi. Jariri kuwa akasin haka ne, tara cikin goma yakan zauna musu har girma. Kwikwiyon da ya buɗe ido ya tarar da ɓarawo a tsakar gida ɗan gida zai ɗauke shi, ba zai yi masa haushi ba. A 1986 Gambiya ta fara yi wa jarirai rigakafi yanki bayan yanki, sai 1990 ya game ƙasar, masu bincike kuma suka zauna bin yaran nan fiye da dubu ɗari har su manyanta, irin haƙurin mai dashen giginya. Da aka duba su sun zama samari da 'yan mata, rigakafin ya tsare fiye da tara cikin goma daga zama da cutar. Najeriya ta sa shi cikin alluran yara a 2004.

Allurar farko cikin sa'a 24 da haihuwa ake so a yi ta, kafin ƙwayar da ta biyo jinin uwa ta sami wurin zama. Mu kuwa yawancin haihuwarmu a ɗaki ce, a hannun ungozoma, mai jego tana wanka, ba a fita da jariri sai an yi suna. Ranar da wanzami zai zo da askarsa, makaɗa suna ƙofar gida, ana feɗe rago ana ware wa mai jego hanta, kwana shida ke nan da wucewar lokacin allurar.