Yadda ake sa direba ya sassauta ba tare da tara ba

Mutanen Sabo a Ibadan, unguwar da aka ware wa Hausawa a 1916, sun san hanyar Legas da ta Arewa ciki da bai, sun kuma san gudun direbobinsu. A jiharsu ta Oyo aka kafa rundunar kiyaye haɗura tun 1977, kafin hukumar tarayya ta FRSC a 1988. Daga Fabrairun 2017 hukumar ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Sai dai na'ura, bakanike na iya kwance ta.

Masana halayyar ɗan Adam sun ɓullo ta wata hanya. Direba ba ya tuƙi da lissafin haɗari, da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yake yi. A Chicago ta Amurka, a 2006, an zana fararen layuka a gicciye a kan titi gab da wata muguwar kwana, tazararsu tana raguwa. Direba sai ya ji kamar gudunsa ƙaruwa yake, ya taka birki da kansa.

Wani gwaji da aka yi a Kenya ya fi kusa da mu. Masu bincike James Habyarimana da William Jack sun sa an liƙa takardu cikin motocin haya, suna zuga fasinja ya yi magana in direba na ganganci. Haɗuran da aka kai wa kamfanonin inshora suka ragu sosai a motocin.

A wurinmu, wanda ya ce "Malam direba, sassauta mana" shi ake kira matsoraci, ko a ce ba shi da tawakkali. Takardar tana ɗauke masa wannan kunyar, kuɗinta kuwa shugabannin tasha ma za su iya biya.