Africus: Sifar Latin da ta Haɗa Sunan Ƙasa da Sunan Iska

A nahawun Latin, kalmar Africus sifa ce mai ma'anar "na ƙasar Afri", wato mutanen da Romawa suka sani a kewayen birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau. Kamar sauran sifofi na ajinta, tana da siga uku gwargwadon jinsin sunan da take bayyanawa: Africus ga namiji, Africa ga tamata, Africum ga wanda ba namiji ba, ba kuma tamata ba.

Daga wannan sifa ɗaya sunaye biyu suka tsiro. Kalmar terra, wato ƙasa, tamata ce, don haka aka ce terra Africa. Kalmar ventus, wato iska, namiji ce, sai aka ce ventus Africus. Yau da gobe aka shafe sunayen, sifofin suka tsaya da ƙafarsu. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai nazarin Hausa, domin akan ce "babba ya zo" ba tare da an ambaci mutum ba.

Africa ta zama sunan lardin da Roma ta kafa a shekarar 146 kafin Miladiyya, bayan ta rushe Kartaj. Larabawa suka ari sunan a matsayin Ifrikiyya, daga baya Turawa suka faɗaɗa shi ga nahiyar baki ɗaya.

Africus kuwa ta zama sunan iskar kudu maso yamma, domin daga wajen wannan lardi take kaɗowa ta ratsa tekun Bahar Rum zuwa Italiya. Girkawa suna kiran ta Lips. Filini Babba ya kawo ta a littafi na 2 na Naturalis Historia, inda ya sanya mahudarta a mafaɗar rana ta lokacin sanyi. Mawaƙa kamar Firjil da Horas sun ɗauke ta iskar hadari mai tsoratar da matuƙan jiragen ruwa. Har yau kalmar tana raye a Sifaniyanci da sigar ábrego, iska mai ɗauke da ruwan sama.

Abin lura shi ne, Africus iskar kudu maso yamma ce ga mai tsaye a Roma. Sunan da nahiyar take amsawa a yau ya yaɗu ne daga bakin waɗanda suke hangen ta daga ƙetaren teku.