Namijin Goro da Lafiyar Hanta

Kowa ya san namijin goro, wanda Yarabawa ke kira orogbo. A kurmin nan na kudu itacensa ya ke fitowa, fatake su kai shi arewa. Tsofaffi sun daɗe suna cewa yana maganin ciwon hanta. To, ina gaskiyar wannan magana?

Da fari sai mu san aikin hanta. Nauyinta a jikin babban mutum kamar kilo ɗaya da rabi ne. Abin da muka ci ko muka sha, in ya bar hanji ya shiga jini, ta wajenta ya ke fara biyawa, ta sarrafa shi, ta kashe dafin da ke ciki. Saboda haka ita ke fara shan wuya in dafi ya yi yawa, kamar na giya, ko na gyaɗar da ta yi funfuna, ko ƙwayar farasitamol in an wuce ƙima.

Ga yadda masana ke gwadawa. Su kan raba ɓeraye kashi biyu. Kashi ɗaya a yi kwanaki ana ba su ruwan itacen, ɗaya kashin ba a ba su ba. Sa'an nan a ba su duka wata guba mai suna kabon tetarakuloraid, wadda a da a kan zuba a tukunyar kashe gobara. Hanta na ƙoƙarin sarrafa ta, sai ta rikiɗe ta zama abin da ke cin maiƙon da ya lulluɓe ƙwayoyin hantar. In ƙwayoyin suka fashe, wani sinadari da ke cikinsu, watau ALT, sai ya kwarara cikin jini. Da an auna jinin, an san iyakar ɓarnar.

Ta irin wannan hanya Farfesa Maurice Iwu da abokan aikinsa na Jami'ar Nsukka suka bi. Cikin 1987 suka buga cewa wani sinadari da suka tatso daga namijin goro, mai suna kolabiron, ya rage wa dabbobin lalacewar hanta. A Turai kuma akwai wata ƙaya mai farin zane a ganye, wadda aka fitar da silimarin daga irinta a Jamus cikin 1968. Likitocin can su kan yi allurar wani sashensa ga wanda ya ci naman kaza mai dafi.

Amma fa a lura. Ɓera ba mutum ba ne. Kuma shi an ba shi maganin tun gubar ba ta shiga ba, mutum kuwa sai idonsa ya yi rawaya ya ke neman magani. Ban da haka, waɗansu saiwoyin su da kansu ke ɓata hanta, balle jiƙon da ba a san awonsa ba.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne malamai, kuma a ƙauye malami a kan fara tambaya. Kada mu raina sanin tsofaffi, amma wanda ya haɗiye farasitamol da yawa a gaggauta kai shi asibiti, gama akwai makarinsa, wanda ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Mai shawara kuma a auna jininsa tukuna. Allah ya ba mu lafiya, amin.