FASHIN BAƘI: Yadda tallafin gidajen tarihi ke aiki, da abin da Rano da Kibiya ke buƙata kafin su samu rabo

A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun da aka ƙirƙira a Kano a 2019, sannan a watan Yuli ta dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Duk ɓangarorin da suka yi muhawara a lokacin da tarihi suka kafa hujja. Sai dai ba a cika tambayar wane ne ke adana wannan tarihi ba, kuma da me ake biyan sa.

Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma labaran gargajiya sun kira ta tare da Kano sarakunan baba, saboda shaharar su a rini. Amma manyan gidajen tarihin jihar a cikin birnin Kano suke: Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, da Gidan Ɗan Hausa na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. A garuruwan kudancin jihar kuwa, akasarin tarihin yana hannun dattawan fada, da makaɗa, da malaman da suka gaji rubuce-rubucen Larabci da ajami. Waɗannan su ne 'yan sa-kai na haƙiƙa, ko da yake ba a kiran su da wannan suna.

Albashi daban, tallafi daban

Ma'aikacin NCMM, hukumar da aka kafa da dokar 1979, albashinsa daga kasafin gwamnatin tarayya yake fitowa. Tallafi kuwa kuɗi ne da wata gidauniya ko gwamnatin waje ke bayarwa domin wani aiki takamaimai mai wa'adi, kamar gyaran gini, ko ɗaukar hotunan tsofaffin takardu, ko horar da ma'aikata. Yakan biya alawus ɗin masu aikin da kuɗin motarsu da kayan aiki, amma da wa'adin ya cika kuɗin ya tsaya. Don haka tallafi ba ya maye gurbin kasafi. Yana ƙara wa wanda ke tsaye ƙarfi ne kawai.

Su wa ke bayarwa?

Amurka na da asusun jakadunta na kare al'adu, AFCP, tun 2001, kuma ya ɗauki nauyin ayyuka da dama a Najeriya, ciki har da na kurmin Osun-Osogbo. Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa a 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia. Tsarin shirin ya dace da malamin da ke tsoron rabuwa da gadonsa, domin hoton takardun ake ɗauka, asalin kuma ya ci gaba da zama a ƙasarsa.

A Birtaniya, tun 1994 ake ware wani kaso na kuɗin cacar ƙasa domin gidajen tarihi da masu yi musu hidima. Wannan hanya ba za ta karɓu a Kano ba, amma waƙafi zai iya yin irin aikin: attajiri ya tsayar da shago ko gona, kuɗin da ke shigowa ya riƙa biyan mai kula da kayan tarihi duk wata.

Me ya sa kuɗin ba ya sauka ƙauye?

Masu bayar da tallafi hukumomi da ƙungiyoyi suke bai wa, ba kasafai suke miƙa wa mutum ɗaya ba. Suna neman rajista, da asusun banki na ƙungiya, da kasafi a rubuce, da rahoton yadda aka kashe kowace naira, galibi cikin Turanci. Dattijon da ya haddace jerin sarakunan Rano ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sakamakon haka, mai neman tallafin daga birni yake zuwa, ya naɗi muryar dattijon, ya sallame shi da na goro.

Asarar ba ƙarama ba ce. Gara da damina na cin takardu, masu ilimin na rasuwa, kuma magajin da bai ga amfanin abin da ya gada ba yana iya sayar da shi, duk da cewa dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ko fitar da su ba tare da izinin NCMM ba.

Abin da matasa za su iya yi

Mataki na farko shi ne kafa ƙungiya mai rajista da Hukumar CAC, da amincewar masarauta, sannan a rubuta jerin abin da ake da shi da kuma hannun da yake. Na biyu shi ne ƙulla yarjejeniya da Gidan Makama ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero, waɗanda suka san hanyar neman tallafi, bisa sharaɗin a sa alawus da horon 'yan gari cikin kasafin tun daga farko.

Na uku na siyasa ne. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Matasan Rano da Kibiya na da hurumin tambayar shugabannin ƙananan hukumominsu da kansiloli nawa aka ware wa adana tarihi a kasafin bana. Mai bayar da tallafi daga waje ma wannan tambayar zai fara yi, domin yana son sanin wanda zai ci gaba da biyan ma'aikacin bayan kuɗinsa ya ƙare.