Cinikin Zoborodo daga Babura zuwa Meziko

Da zarar an kai gero rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai layin 'yan zoborodo ya yi ja wur a kasuwannin Babura da Kazaure. Daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da na bakin iyakar Nijar ake shigowa da shi, wani a amalanke, wani a bayan babur. Buhun yakan cika ido amma ba nauyi, yaro ma sai ya ɗaga.

A da, yakuwa shukar gefen gona ce, ana jera ta a iyaka don maƙwabci ya san inda tasa ta tsaya. Ganyen ya shiga fate da miyar taushe, gurguzun a yi daddawar batso, zoborodon kuma rabon mata ne. Su ke zama su ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin yatsu, sannan su shanya. Yanzu akwai mai ware masa gona sukutum.

Kala uku ake kasawa. Akwai ja, mai tsami sosai. Akwai baƙi, wanda jansa ya yi duhu. Shi masu zoɓon sayarwa suka fi so, domin kaɗan za a jefa a tukunya ruwa ya rine. Fari kuwa na miya ne. Dillali ba ya yarda da saman buhu. Hannu zai zura har gwiwa ya damƙo na ƙasa, ya murza a tafi. In ya yi ƙaras, ya bushe ke nan. In ya lanƙwashe, da sauran danshi, kuma zai yi fumfuna a sito. Sai ya kakkaɓe ya ga yawan yashi da kara, sannan ya taya. Mai kaya ya ce albarka, a ja, a ƙara, har a sallama.

Masu saye iri biyu ne. Matan unguwa na awo da kwano, su biya teburin mai kayan yaji su haɗa citta da kanumfari da masoro, musamman in azumi ya gabato. Yaran manyan 'yan kasuwa kuwa da sikeli suke zuwa, su tara su loda mota zuwa Maigatari ko Dawanau a Kano. Can ake tsincewa, a danne, a cika kwantena sai tashar jirgin ruwa ta Legas. Mafi yawansa Meziko yake nufa, inda suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara, suna ce masa jamaica. Shi ya sa da Meziko ta rufe ƙofa a 2018 saboda wani ƙwaron sito da aka gani a kayan, farashi ya faɗi har a ƙauye. Sai da aka amince da turara kayan da maganin ƙwari kafin a sake buɗewa.

Kan maganar tsabtar kaya, akwai darasi a wajen manoman inabi na arewacin Italiya. Giya dai ba abin shanmu ba ce, amma dabarar cinikinsu abin dubawa ce. A yankin Piyemonte, garuruwa 11 kaɗai doka ta yarda su sa sunan ƙauyen Barolo a kwalbar giyarsu, kuma dole da inabin Nebbiolo zalla. Sunan ƙauye ya zama jari, mai saye na biyan kuɗinsa. Mu kuwa na Babura da na Gwiwa, ja da baƙi, mai tsabta da mai yashi, duk a sito ɗaya suke gauraya. Matar da ta shanya nata a tabarma da wadda ta baza a ƙasa kusan kuɗi ɗaya suke karɓa, to wa zai wahalar da kansa? Ranar da aka fara ware kaya aji-aji tun daga kasuwar ƙauye, kowane buhu da sunan garinsu, ranar mai tsabta za ta fara cin ribar tsabtarta.